Da a Ce Ban Taho Ba

A tashar bas ta cikin gari na fara saninta. Shekarata ta farko ke nan a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ina aiki a wani babban sito da ke bayan kantunan Wendover, inda muke ninke tawul da zannuwan gado muna cusawa a kwali. Motar gidanmu a hannun mijina take, shi kuma wajen aikinsa can gefen filin jirgi yake, don haka bas biyu nake shiga kullum, ɗaya ta sauke ni a tasha, ɗaya ta kai ni Wendover. Wata safiya ana yayyafi, ina jiran ta biyun, na ji wata mata a bayana tana yi wa lemarta faɗa da Hausa don ta ƙi buɗewa. Na juya na ce, "Sannu Mama." Ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci, sannan ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har bas ta zo.

Mutuniyar Maraɗi ce, ta haura hamsin, doguwa, ga haƙoran gaba masu wushirya. Ashe sito ɗaya muke yi wa aiki, ita tana can ƙarshen layi inda ake manne bakin kwali. Ta shigo ƙasar ne da bizar ziyara don ta taya wata 'yar ɗan'uwanta zaman jego. Jego ya ƙare, biza ta ƙare, ita ba ta koma ba. Turancinta bai wuce na gaisuwa da sunayen tituna ba. Daga ranar nan na zama bakinta a wajen aiki, a kantin magani, da duk inda ake bukatar a yi bayani. Ina kiran ta Mama, tana kira na ɗiyata.

Mun daɗe tare kafin ta gaya mini labarin ɗanta. Shi kaɗai gare ta, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Da za ta taho ta bar shi a hannun ƙanwarta yana lakkol, wato makarantar boko, da niyyar ta ɗan yi aiki ta koma ta kafa masa sana'a. Ya gama karatu bai samu aiki ba, ya dame ta da roƙon ta kawo shi, ita kuwa ko kanta ba ta da takardun zama, balle ta ɗauko wani. Sai ya bi samarin da ke haurawa arewa ta Agadas zuwa Libiya. Daga Agadas ya kira ta a wayar ɗakinta, ya ce sun samu kamiyo, babbar motar da za ta ƙetare hamada da su, in sun sauka zai sake kira. Bai sake kira ba. Lokacin da na san ta an riga an fi shekara ana jira.

Babu abin da ba ta yi ba. An yi sauka a gida, an yi sadaka, ƙanwarta ta zaga malamai. Kowanne ya ce yana raye. Wani ma ya ce yana zaune a wani gida mai shuɗiyar ƙofa.

"Abin da nike so su ce shi suke cewa," in ji ta. "Sun san uwa ce ta aiko."

Akwai wata 'yar Meziko da ke aiki kusa da ita a layi, wadda ita ma ƙaninta ya ɓace a wata hamada a kan hanyar shigowa. Ban san da wane yare suke hira ba, amma suna yi, har da kuka. Ita ce ta kwatanta mata wata mai duba da karta a wani bene da ke titin Elm. Ranar wata Alhamis muna cin abinci a bakin ƙofar sito, Mama ta ce in raka ta ranar Asabar.

Na ce, "Mama, duba fa? Kin san hukuncinsa."

"Na riga ki sani, ɗiyata. Zunubin nawa ne. Ke baki kawai za ki ara mini."

Da na gaya wa mijina, sai ya ce in dai zan je kada mu bari mutanen masallaci su gan mu muna hawa benen.

Ɗakin yana saman wani shago da ake sayar da tsofaffin kujeru. Matakalar siririya ce, Mama tana hawa tana hutawa. Ni dai na zata zan ga wani abu mai kama da ɗakin boka. Sai muka tarar da wata tsohuwar Baturiya, ramammiya, da furfura da tabarau rataye a wuya, tana fama da tari. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa baƙin ƙyalle, da kujeru uku, da kyanwa tana barci a taga. Ta ba mu shayi marar madara. Kartarta ta fi irin wadda ake wasa da ita girma, kowace da zanen mutane da kofuna da takubba. Ta cakuɗa su ta ce mece ce tambayar.

Na riga na shirya Turancin a bakina, don na san abin da uwa za ta tambaya. Amma Mama ta ce, "Tambaye ta, da a ce ban taho ƙasar ga ba, da ɗana ya tahi?"

Na fassara. Matar ta ajiye kartar ta sa tabarau ta dubi Mama sosai. Ta ce za ta iya shimfiɗawa a kan wannan tambayar, karta ba ta ƙin tambaya, amma hanya ce da babu wanda ya bi ta, don haka ba mai iya cewa ta faɗi daidai ko ta yi kuskure, har ita kanta. Ta ce ko Mama ba ta fi son ta tambayi inda yake yanzu ba?

Mama ta girgiza kai tun kafin in gama. "A'a. Inda yake yanzu, wannan na Allah ne, ba ni shiga. Amma abin da bai faru ba, ai ba na kowa ba ne."

Matar ta sa Mama ta raba kartar gida uku da hannun hagu, Mama ta ƙi, ta raba da na dama. Aka jera. Ta tsakiyar na fi tunawa: wani mutum ya juya baya, da sanda a hannu, ya bar kofuna a jere yana nufar duwatsu. Matar ta ɗora yatsa a kai ta ce wannan yaron tafiya a jikinsa take. Ko da uwarsa tana gida da ya tafi, sai dai wataƙila ya ɗan jinkirta.

Da muka sauko Mama ta tsaya a bakin titi tana numfashi kamar wadda ta sauke kaya. Ta ce yunwa take ji. Muka shiga wani ɗan shago ta ci burodi da miyar tumatir, ta cinye tas, har ta yi wa miyar ba'a. Ban taɓa ganin ta gama abinci ba sai ranar. Na ce a raina, in dai wannan ne, to ya yi.

Bai kai mako ba. Muna cikin bas, an tsaya a danja wajen manyan kantunan nan, ta taɓa gwiwata.

"Ɗiyata, cewa ta yi da ya jinkirta ko?"

"Haka ta ce, Mama."

"To in da ya jinkirta, ai ba wannan kamiyon zai shiga ba."

Asabar ta zagayo muka koma.

Haka muka shiga zuwa, ba kowane mako ba, amma ba ma daɗewa. Kowace amsa sai ta haifi wata tambayar a hanyar komawa gida. Da a ce ta yarda ya buɗe shagon gyaran rediyon da ya taɓa roƙo fa? Da a ce ta amince da auren takardar da wani ya taɓa yi mata tayi, ta samu zama ta ɗauko shi fa? Da a ce a hannun yayanta ta bar shi, ba ƙanwarta mai sanyin hali ba? Matar takan jera kartar layi biyu, na sama rayuwar da aka yi, na ƙasa wadda ba a yi ba. Mama ba ta ko kallon na sama. Wani lokaci na ƙasan ya fito da duhu, rashin lafiya ko faɗa, sai ta ɗan samu sauƙi. Wani lokaci ya fito da rana da yara da iyali a ƙarƙashin bakan gizo, sai ta juya fuska ga tagar bas har mu rabu.

Tun ina jin kunyar hawa benen har na daina. Na koyi yadda ake faɗin "da a ce" da Turanci ta hanyoyi iri-iri, abin da ban koya a makaranta ba. Mijina ya daina tambayata inda za ni ranar Asabar.

Akwai tambayar da ta daɗe tana zagayawa ba ta yi ba. Ranar da ya kira daga Agadas, da safe ne a nan, ta riga ta sa takalmi, bas ta kusa wucewa, in ta rasa ta kuma an ce za a ba wani gurbinta a wajen aiki. Maganarsu ba ta yi tsawo ba. Ta yi masa faɗa kaɗan, sannan ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta ajiye waya ta fita da gudu. Wata Asabar a cikin kaka, ganyaye sun yi ja a gefen titi, ta zauna ta ce, "Tambaye ta, da a ce na bar bas ta wuce, na ce mishi in ya shiga kamiyon nan ban yahe ba, da ya sauka?"

Matar ta jera. Ta daɗe tana kallon layin ƙasa, ta gyara wata karta da ba ta karkace ba. Sannan ta ce, a hankali, yaro ne mai jin maganar uwarsa. Da ya yi fushi, amma da ya koma gida.

Ban buɗe baki ba tukuna Mama ta ce, "Na ji. Ba sai kin hwaɗi ba." Fuskar matar take karantawa tun tuni. Ta miƙe ta gyara mayafi ta yi godiya da Turancinta. A tasha ta zauna a benci, bas ɗinta ta zo ta tafi ba ta tashi ba. Na zauna tare da ita har wata ta zo.

Daga nan wani abu ya canza. Ta fara ba ni labarin waccan rayuwar kamar labarin gida da ta samu ta waya. A can ya sauka daga kamiyo, ya koma Maraɗi, ya buɗe shagonsa kusa da kasuwa. Ya auri wata yarinyar maƙwabtansu. Sun haifi namiji an sa masa sunan kakansa.

"Da yanzu an yaye shi," ta ce da ni wata rana muna ninke tawul, don an dawo da ita sashenmu. "Sai dai yarinyar ba ta iya dama hura ba. Kullum sai na gyara mata."

Na yi dariya don na zata wasa take. Ta dube ni ba dariya a fuskarta. Ba wai ta zauce ba ne, ta san wace rana ake ciki, tana sallarta a kan lokaci, ba ta taɓa kuskuren bas ba. Amma can ta fi zama, nan kuwa aiki kawai take zuwa. Ta rame. Matan Nijar da ke haɗuwa wajen suna da walima suka fara tambayata ko lafiyarta, na ce hawan jini ne, kuma akwai shi ɗin.

Mai kartar ce ta fara gajiya. Wata Asabar Mama ta ce a tambaya ko a waccan rayuwar za su sake haihuwa. Matar ta tattara kartar ta nannaɗe a ƙyalle. Ta ce da ni in gaya mata daidai yadda ta faɗa, kada in rage. Ta ce ta yi kuskure tun ranar farko da ta yarda. Ta ce ba za ta ƙara shimfiɗa wa abin da ya wuce ba, don tana ganin abin da yake yi wa baiwar Allahn nan. In tana da tambaya a kan yau ko gobe, ta kawo.

Mama ta saurara har ƙarshe. Na zata za ta yi fushi. Sai ta ce, "To. Tambaye ta, in na koma gida, zai same ni?"

Matar ta yi tari, ta warware ƙyallen. Ta ce wannan aƙalla hanya ce da ke gabanta. Karta ɗaya kawai ta zaro. Kwale-kwale ne, wani yana tuƙi da gora, a ciki mace ta lulluɓe kanta, kusa da ita ɗan yaro. Gefe guda ruwan yana tashi, ɗaya gefen a kwance. Matar ta ce tafiya take gani daga wahala zuwa hutu. Ta ce ba ta ga ɗan Mama a ciki ba, Mama take gani.

Mama ta jawo kartar gabanta. "Ga shi nan kusa da ita."

Na fassara. Matar ta ce zanen ne haka, kowa ya zaro ta yaron yana nan. Mama ta ce ai ba kowa ne ya zaro ta ba.

Da za mu fita matar ta tambaye ni ko ni ba ni da tambaya, tun da na daɗe ina ɗaukar na wani. A lokacin mahaifiyata tana kwance a Kano, takarduna suna hannun hukuma, lauya ya ce kada in kuskura in fita ƙasar. Tambayar tana bakina a shirye. Na ce mata ba ni da ita.

Lokacin nan aiki ya fara ja baya a ko'ina cikin gari. An rage mana kwanaki a sito, an sallami wasu, 'yar Mezikon nan ma ta koma wata jiha. Mama ta ce za ta tafi gida. Kowa ya gaya mata abin da ta sani, cewa wanda ya wuce wa'adin biza in ya fita ba zai sake shigowa ba. Wani Alhaji daga cikin dattawan 'yan Nijar ya zo har ɗakinta ya ce ta yi haƙuri ta ƙara shekara ko da ɗaya, ana maganar za a gyara doka. Ta ce ta gode.

Matan Nijar suka yi mata walima a wani fulat, gidan haya da ke Wendover, aka dafa shinkafa da dambun kifi, yara suna ta guje-guje suna Turanci. An yi addu'a, an ba ta turare da atamfa. Babu wanda ya ambaci ɗan. Ni da mijina muka kai ta filin jirgi. Ta bar mini tukunyarta da bargo. A bakin wajen bincike ta riƙe hannuna ta ce in ɗanta ya zo za ta sa shi ya gaishe ni.

Nakan sayi katin waya a shagon wani Bayarabe in kira ta. Da farko muryarta da ƙarfi. Ta gyara ɗakin ɗanta, ta sa an yi fenti. Daga baya ƙanwarta ce ke ɗauka, ita ta gaya mini cewa Mama kullum tana tashar mota lokacin da motocin arewa ke sauka, har 'yan kamasho sun san ta suna ba ta benci. Ta je Agadas da kanta da hotonsa. Wani ya ce ya taɓa ganin mai kama da shi, wani ya ce a shekarar nan motoci da yawa sun lalace a hanya. Ta dawo da ciwon ƙafa.

A cikin wannan tsakanin mahaifiyata ta rasu. Ban je ba. Mama ta yi mini ta'aziyya ta waya, ta daɗe tana yi mini addu'a. Na ji kukan awaki a bayanta.

"Ɗiyata, wani abu ya hana ni barci. Lambar da ya haddace ta ɗakina ce ta can. Nan gidan ba mu da waya sa'ad da ya tahi. In ya samu waya, can zai kira."

Na ce, "Mama, ai ya san hanyar gida."

"In yana inda ba a barin shi fita fa? In minti ɗaya suka ba shi?" Ta numfasa. "Ki je wurin matar nan. Ki tambaye ta, da a ce ban komo ba, da na zauna kusa da wayar, da ya kira?"

Da muka gama na buga tsohuwar lambar tata. An riga an ba wani. Wani mutum ne ya ɗauka, ina jin ƙarar inji a bayansa, da alama wajen gyaran taya ne. Na yi masa bayani iya yadda zan iya, na ce in wani ya kira yana Faransanci ko wani yaren da bai gane ba, yana neman uwarsa, don Allah ya ba shi lambata. Ya ce to, to. Ban ji alamar ya rubuta ba.

Ranar Asabar na hau benen ni kaɗai. Matar ta ƙara tsufa, akwai kwalaye a gefe, ta ce za ta koma wajen 'yarta. Ta tambayi Mama. Na gaya mata komai, na kuma faɗi tambayar yadda aka aiko ni. Ba ta taɓa kartar ba. Ta cire tabarau ta murza idanu, ta ce ba ta sani ba. Ta ce in gaya wa Mama haka, ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa sani ba.

Na kira Maraɗi washegari bayan azahar. Mama da kanta ta ɗauka, kamar tana zaune a gindin wayar. Na gaya mata abin da matar ta ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ina jin numfashinta, ina cewa Mama, Mama, ba ta amsa ba. Muna haka muryar kamfanin kati ta shigo ta ce lokaci ya kusa ƙarewa, sannan layin ya yanke.

Na sake kira sau da yawa bayan nan. Takan gaishe ni, ta tambayi mijina da sanyi, ta miƙa wa ƙanwarta. Ba ta sake aiko ni ko'ina ba. Ƙanwar ta ce ta daina zuwa tasha, ba ta kuma shiga ɗakin da aka yi wa fenti, yini take a zaure. Da damina ta zagayo ciwon ƙafar ya kwantar da ita, kafin kaka aka kira ni aka ce ta cika. Matan Nijar suka taru a wannan fulat ɗin na Wendover aka yi mata addu'a, na kai shinkafa. Har na bar Greensboro ba a ji labarin ɗanta ba.